Wanda Yake Ƙirga Wa Uwar Keke

Shafi na 19

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Na ji, na ji. Tun ban rufe baki ba kun ce ta zo ku ji ta. To ga ta. Masu aiko min saƙo cewa na bar ku tsaye a bakin ƙofa, ku yi haƙuri, yatsun tsohuwa ba sa gudu a kan waya. Wanda kuma yau ya fara shigowa, matso kusa in guntsa maka.

Uwar Keke tela ce, shekara talatin tana taka keken ɗinki a shagon da ke jikin gidanta, har unguwa ta manta sunanta na gaskiya. Mace ce mai jiki, masha Allah, in ta zauna a kujera sai kujerar ta yi magana. Mijinta Malam, tsohon malamin lissafi, wata takwas ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa kuma ya rufe ruf. Wata huɗu da suka wuce, tana kiciniyar ɗauke shi daga gado zuwa kujerarsa mai taya, gwiwarta ta ƙi, suka zube tare. Awa uku suna kwance a siminti, sai da autarsu ta dawo daga aiki ta kira maƙwabta.

A ranar babban ɗansu, Injiniya, ya yanke magana. Ko Inna ta sauke kilo goma sha biyar cikin wata huɗu, ko ya zo ya tafi da Baba gidansa, can garin da yake aiki, hawa na uku, inda ya tanadi ɗaki da ma'aikacin jinya. Ita kuwa gwiwarta ba ta hawa bene, nan za ta zauna da Auta. Mutanen da shekara arba'in da ɗaya ba su taɓa kwana a gari daban ba.

Yau wa'adin ya cika.

Ƙarfe tara na safiyar Asabar mota ta tsaya a ƙofar gida. Injiniya ya gaida uwarsa, ya leƙa ya gaida ubansa, bai ko zauna ba ya jawo sikeli daga ƙarƙashin tebur ya dire shi tsakiyar falo.

"Inna, bismillah."

"Ko ruwa ba ka sha ba."

"Na sha a hanya. Hau."

"Ji min yaro. Ni ka zo gani ko sikelin?"

"Inna, don Allah."

Ta zare silifas. Ta dube shi.

"In cire awarwaro? Ko su ma sun kai rabin kilo."

Ba wanda ya yi dariya. Auta tana jingine da ƙofar kicin, ta harɗe hannu, idonta ya yi ja. Tun asuba ita ta haɗa wa Baba jakarsa.

Uwar Keke ta hau. Lambobin suka yi rawa, suka yi rawa, suka tsaya.

Injiniya ya sunkuya ya duba. Ya goge gilashinsa ya sake dubawa.

"Ɗari cif."

"Alhamdu lillahi."

"Inna, ranar da muka auna ɗari da huɗu ne. Huɗu kika sauke. Kilo huɗu a wata huɗu."

"Ai ka iya lissafi. Ɗan ubanka ne."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ban ga abin wasa ba."

Ya zauna a hannun kujera, ya dafe kai. Kada ku zage shi, jikokina, yaron nan ba mugu ba ne. Tsoro ne ya cika masa ciki, shi kuwa tsoro in ya shiga namiji sai ya fito da kamar faɗa.

"Inna, kin san tun ranar nan, in wayata ta yi ƙara na ga sunan Auta, sai in ɗauka kun sake faɗuwa? Awa uku a ƙasa. Ke da hawan jini, shi ba baki. Da Auta ta biya wani wuri fa? Gawa biyu za a kira ni in zo in gani?"

"Allah bai yi ba."

"To ba zan zauna jiran ya yi ba. Likita ya ce ki rage sha biyar."

"Likita ya ce a hankali. Kai ka ɗora masa wata huɗu."

"Ke kuma kika amsa."

Gaskiya ne kuwa, a ranar ta amsa.

Ya miƙe. "Auta, ɗauko jakar."

Auta ba ta motsa ba.

"Yaya, akwai maganar da ban gaya maka ba."

Uwar Keke ta juyo da sauri. "Ke!"

"Inna, ki yafe min, kwana uku ke nan ba ta bar ni na ci abinci ba." Ta juya ga yayanta. "Ranar Laraba na manta makullin ofis, na dawo wajen ƙarfe tara. Shago a rufe. Ɗakinsu a kulle ta ciki. Sai na ji Inna tana nishi, irin nishin mai naƙuda."

"Ba ta da lafiya take ɓoyewa?"

"Haka na zata. Har na ɗaga hannu zan buga. Sai na ji muryar namiji."

Injiniya ya juyo ya dube ta.

"Namiji?"

"Yana ƙirga. A hankali, da nauyi, kamar mai magana da dutse a baki. Ya ce uku, ta yi nishi. Ya ce huɗu, ta yi nishi. Na ce ko waya ce. Na waiwaya, ga wayarta nan kan tebur tana caji. Rediyon kuwa tun bara ya mutu."

Uwar Keke ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Oh ni! Da furfurata da jikoki tara, yau ni ake tuhuma da ajiye kwarto. A gaban mijina kuma!"

"Ni ban ce ba, Inna! Wallahi ni aljani na yi tunani. Da gudu na fita, makullin ma ban ɗauka ba."

"To madalla. Kin bar uwarki da aljani kin tafi ofis."

Injiniya bai ko murmusa ba.

"Inna, wa ke shiga ɗakin Baba?"

"Ba mai shiga."

"To wa ke ƙirgawa?"

"Na yi alkawari."

"Wa kika yi wa?"

"In na faɗi wanda na yi wa, ai na karya ke nan."

"Wani mai magani kika samo? Irin masu tofi da hayaƙi? Inna, in wani abu ake ba Baba ban sani ba..."

"Kai, rufe min baki. Ku biyo ni."

Ta wuce gaba, suka bi ta. Auta ce ta lura, daga baya take faɗa, cewa Inna ba ta dafa bango ba. Da can daga falo zuwa ɗaki sai ta dafa sau uku.

Malam yana zaune a gado, an tokare masa baya da matasai. Auta ta sa masa farar rigarsa ta fita. Jakar tana bakin ƙofa. Idonsa na kan jakar nan, bai ɗauke ba ko da suka shigo.

Uwar Keke ta durƙusa, ta jawo kaya daga ƙarƙashin gado. Robobin ruwa ƙanana guda biyu. Sai jarkoki biyu masu lita goma-goma, cike da ruwa har wuya, jikinsu duk zane-zanen allin tela, layi bisa layi tun daga gindi. Ta jawo kujerar katako ta jingina ta da bango. A jikin bangon, daidai ƙirji, ga shatin tafin hannu biyu sun yi duhu a fenti.

"Ga mai maganin nawa," ta ce.

Suka tsaya suna kallo.

"Satin farko bayan ka tafi, yunwa na sa wa kaina. Shayi da safe, shayi da rana. Ranar Talata na tashi daga keke sai shagon ya juya da ni. Mai Gashi, yarinyar nan ta asibiti da ke zuwa miƙe wa Malam hannu da ƙafa, ita ta same ni zaune a ƙasa ina kuka. Na gaya mata komai. Ta ce, 'Inna, yunwa ba za ta ɗaga miki Malam ba. Tsoka ce za ta ɗaga shi, ke kuma kina kashe ta da yunwa.' Ta auna jinina, ta tambayi likita, sannan ta nuna min kujerar nan."

"Kujera?" in ji Injiniya.

"Zauna, tashi. Shi ke nan. Na ce 'yar nan raina ni kike? Ta ce gwada, ba dafa gwiwa. Sau uku na yi, da dafa tebur ma. Kwana biyu ban iya sunkuyawa na ɗauki almakashi ba. Na ce wallahi yarinyar nan kashe ni aka aiko ta."

Auta ta rufe baki da mayafi.

"Ta ce kwana uku a sati, Litinin, Laraba, Juma'a, sauran a bar jiki ya huta. Goma-goma, sau uku. Sai tura bango, shi ne shatin hannun da kuke gani. Sai ɗaga robobin nan. Da suka zama kamar auduga, ta ce a koma jarka, ruwa kaɗan a gindi, duk sati in ƙara, in ja layi da alli. Abinci kuma ta ce in ci, in dai rage sukari da maiƙo, in ƙara ƙwai da wake da ganye. Ga shi nan dai, har ruwa ya zo wuya."

Injiniya ya sunkuya, ya kama jarka ɗaya da yatsu biyu irin na raini. Ba ta taso ba. Ya sa hannu sosai ya ɗaga, ya ajiye da sauri.

"Wannan kike ɗagawa?"

"Ɗaya nake rungumewa in yi zauna-tashi. Biyun kuma in riƙe su in zagaya gado sau shida."

"To don me sikeli..."

"Na tambaye ta. Ta ce sikeli bai san kitse ba, bai san tsoka ba, duk nauyi ne a wurinsa. Wani yana fita, wani yana shigowa. Ta ce ke tela ce, tef ɗinki ya fi shi sanin jikinki." Ta kama gefen rigarta ta juyo cikinta. "Auta, ke kin san ɗinki. Layi nawa kike gani?"

Auta ta matso, ta bi da yatsa.

"Uku... huɗu, har da na asali. Inna, sau uku kika rage ta?"

"Inci biyar a ƙugu. Kullum kina gidan nan, kina kallon sikeli, ba ki kalli uwarki ba."

Injiniya ya ja dogon numfashi. Muryarsa ta yi laushi, amma bai sauka ba.

"Inna, na ga ƙoƙari, wallahi na gani. Amma riga ba ta ɗaga mutum daga gado. Kuma har yanzu ba ki gaya min wa ke ƙirgawa ba. Ba zan tafi in bar ubana a ɗakin da ban san muryar wa ake ji a ciki ba."

Ta juya ta dubi mijinta.

"Malam, in faɗa?"

Malam ya kau da fuska zuwa bango.

"Malam, ga jakarka can a ƙofa. In faɗa?"

Bai juyo ba. Tsokar muƙamuƙinsa kawai ke motsi.

"To. Ban faɗa ba." Ta ɗaure ɗankwalinta tamau. "Yau ranar hutuna ce, amma ba komai. Ku ja gefe. Tunda ba mai ƙirga min, ni zan ƙirga wa kaina."

Ta tsaya gaban kujerar, ta buɗa ƙafa daidai faɗin kafaɗa. Ta lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, ta ɗago jarkar ta rungume ta a ƙirji kamar jariri.

Ta zauna a hankali, ba faɗawa ba. Ta fesar da numfashi, ta miƙe.

"Ɗaya."

Jikokina, matar da in za ta tashi daga tabarma sai an kira mutum biyu.

"Biyu."

Ruwan jarkar yana cewa culum, culum.

"Uku. Huɗu."

Auta ta kama hannun yayanta ba ta sani ba.

"Biyar."

Gumi ya fara tsattsafowa a goshinta.

"Shida."

Ta zauna. Ta taso. Ta tsaya cak.

"Takwas."

Auta ta buɗe baki za ta gyara, uwar ta watsa mata wani kallo, ta haɗiye.

"Takwas na ce," in ji Uwar Keke, da ƙarfi, tana fuskantar gadon. "Akwai mai ja?"

Malam bai juyo ba.

Ba ta zauna ba. Ba ta ajiye jarkar ba. Tana tsaye, kilo goma a ƙirji, hannuwanta sun fara kyarma.

"Daga shida sai takwas. Haka aka koya mana. In ba mai magana, sai in ce tara in wuce."

Hannun Malam na hagu, mai lafiyar, ya damƙi zanen gado. Ya murɗe shi. Leɓensa yana rawa. Wuyansa ya kumbura kamar mai haɗiyar abu mai zafi.

"Inna, ajiye, za ki faɗi," in ji Injiniya.

"Ta..." ta fara.

Sai hannun nan ya tashi ya daki katifa, bam! Irin dukan da yake yi wa tebur a aji.

"Ba... bakwai!"

Makullin motar ya suɓuce daga hannun Injiniya ya faɗi a siminti.

Auta ta sulale jikin bango har ƙasa, tafukanta biyu a kan baki.

Malam ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya. Gefen bakin a karkace, yawu ya ɗan zubo, amma idon nan, wallahi idon malamin aji ne da ya kama ɗalibi da satar amsa.

"Bakwai," ya sake cewa.

"To, Malam, bakwai," ta ce. "Ci gaba da aikinka."

Ta zauna, ta taso.

"Tak... was."

Ta zauna, ta taso.

"Tara."

"Allahu Akbar," in ji Injiniya, can ƙasa-ƙasa. "Allahu Akbar."

"Goma."

Ta dire jarkar a hankali, ta zauna a kujerar tana haki. A waje wata mota ta wuce, wani yana kiran wani, duniya tana ta harkarta, su kuwa a ɗakin nan kamar an tsayar musu da agogo.

Auta ce ta fara samun baki.

"Baba ne. Inna, Baba ne na ji. Na gudu daga muryar Babana."

"Tun yaushe?" Injiniya ya tambaya. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Sati na uku da farawa. Ranar na gaji, cinyoyina kamar an zuba barkono. Na ce wa zai sani? Daga shida na yi tsalle na ce takwas. Sai na ji 'bakwai' a bayana. Na saki robobin, na ce innalillahi, wa ke nan? Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan labule. Na juyo, sai ga shi yana hararata." Ta yi dariya cikin kuka. "Shekara talatin da biyar yana jan kunnen masu tsallake lamba. Ciwo ya ƙwace masa hannu, ya ƙwace masa ƙafa, ya ƙwace masa sunana, amma bai iya sa shi ya ƙyale ha'inci a lissafi ba."

"Don me ba ku gaya mana ba?"

"Tambaye shi. Da na ce bari in kira ku, ya kama rigata, ya ɗora yatsa a baki. Mutumin da in ya yi magana a aji ana jiyowa daga bakin titi, yau ya tsaya gaban 'ya'yansa yana in'ina da yawu? Lamba kaɗai ke fita, ita ma da ƙyar. So yake sai ya iya gaishe ku sosai. Mai Gashi kaɗai ta sani. Ta ce ana samun haka, abin da harshe ya fi sabawa da shi yakan riga dawowa, a bar shi ya yi ta ƙirgawa, shi ma atisayensa ke nan. Ni ina ɗaga jarka, shi yana ɗaga harshe."

Ta juya ga mijinta.

"Ka gani dai, ban faɗa ba. Kai ka tona kanka."

Malam ya yi wani sauti a maƙogwaro. Auta ta rantse dariya ce.

Injiniya ya share fuska da hannun riga. Ya dubi jakar, ya dubi kujera mai taya da ke gefe.

"Inna... ɗaukar fa? Daga gado zuwa nan. Wurin da kuka faɗi."

"Na san sai ka zo nan. Turo ta."

Ya turo. Ta gyara mata tsayuwa a karkace jikin gadon, ta danne birki biyun. Daga ƙarƙashin matashi ta zaro wata faffaɗar ɗamara ta yadin kaki, ninki huɗu, da mariƙa biyu a gefe.

"Ni na ɗinka. Allura uku ta karya min."

Ta ɗaura wa Malam a ƙugu. Ta sauko masa da ƙafafu ƙasa, ta matso da shi bakin gado. Ta sa gwiwoyinta biyu ta tokare gwiwarsa mai ciwon. Ta lanƙwasa nata, baya a miƙe, ta kama mariƙan. Shi kuma ya dafa katifa da hannun hagu.

Injiniya ya matso zai taimaka.

"Koma. In ka taɓa, ba a gwada ba."

Ya koma.

"Malam, ƙirga mana namu."

"Ɗaya," ya ce, suka ɗan yi gaba.

"Biyu."

"Uku!"

Suka tashi.

Ya jikokina, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wata takwas yaran nan ba su ga ubansu a tsaye ba. Sun manta dogo ne. Ga shi nan tsaye a kan ƙafarsa ta hagu, farar riga har ƙasa, kansa ya wuce nata da kusan taƙi, ƙirjinsa a kafaɗarta. Hasken taga ya sauka a kansu su biyu. Ba ta yi rawa ba, ba ta yi nishi ba. Suka tsaya haka kamar masu jiran a ɗauke su hoto.

Sannan ta juya da shi kaɗan-kaɗan, ta sauke shi cikin kujerar kamar mai ajiye ƙwai.

"Da can ɗaukarsa nake yi da baya, kamar buhu," ta ce. "Shi ya kayar da mu. Yanzu ba na ɗaukarsa. Tare muke tashi. Wata guda ke nan ba na jiran kowa."

"In kuma aka sake faɗuwa?" Muryar Injiniya ta zama ta ƙaramin yaro.

Sai Uwar Keke ta sauka ƙasa, ta kwanta a simintin nan, daidai inda suka yi awa uku. Ta mirgina gefe, ta hau gwiwa da hannu, ta kafa ƙafa ɗaya, ta dafa kujerar katako, ta miƙe tsaye. Ta karkaɗe rigarta.

"Wannan ya fi ba ni wuya. Wata biyu ina koyo. In mun faɗi, zan tashi, in kira mutane. Ba za mu sake kwana uku ba, balle awa uku."

"Awa uku, balle kwana uku," in ji Auta cikin hawaye.

"Ke kuma 'yar ubanki, ba a kuskure a gabanku."

Injiniya ya zube a gaban kujerar ubansa, gwiwa biyu a ƙasa, ya kifa kai a cinyarsa.

"Baba, ka yafe min. Ban tambaye ka ba. Na yi ta yanke magana a kanka kamar ba ka ji."

Hannun hagu ya taso a hankali, ya sauka a kan Injiniya. Malam ya yi ta kokawa da bakinsa, ana gani. Abin da yake nema bai zo ba. Sai ya ba da abin da yake da shi.

"Ɗaya," ya ce.

Ɗan fari ke nan. Injiniya ya fashe da kuka kamar an yaye shi yau.

Auta ta rarrafo ta kama hannun kujerar. "Ni fa, Baba?"

Ya dube ta, gefen bakin mai lafiya ya ɗaga.

"Biyar."

"Ni ce! Ni ce ta biyar! Yaya, ka ji?" Ta share hanci da mayafi. "To Inna fa, Baba? Ita nawa ce?"

Uwar Keke ta kau da kai, wai tana gyara zanen gado. "Ku ƙyale shi, ya gaji."

Malam ya daɗe yana kallon bayanta. Leɓensa ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa. Bai taɓa wuce ashirin ba tun da ya fara.

"Ar... arba'in," ya ce. Ya huta. "Da... biyu."

Ta tsaya cak da zanen a hannu. Ta juyo, idonta taf.

"Da ɗaya, Malam. Saura wata biyu kafin shekarar aurenmu ta cika arba'in da biyu. Kai ma ka fara tsallake?"

Ya daki hannun kujerar, bam, ya girgiza kai. Bai janye ba.

Injiniya ya ɗago, ya dubi ubansa, ya dubi uwarsa. Ya miƙe, ya je bakin ƙofa ya ɗauko jakar, ya ɗora ta a gado, ya zuge zif ɗin da kansa.

"Auta, mayar da kayan nan inda kika ɗauko su."

Uwar Keke ta sunkuya ta ɗauki ƙananan robobin nan biyu, ta miƙa masa, ta ɗan tsokani tumbinsa da yatsa.

"Ungo. Kada ka koma hannu wofi. Goma-goma, sau uku. Kuma ka nemi mai ƙirga maka na gaskiya."

To, ƙurunƙus, nan zarena ya ƙare.

Injiniya ya kwana biyu, ya kafa ƙarfen dafawa a bangon ɗaki da na banɗaki, ya sa Inna ta ɗinka wa wayarta aljihu a riga, sannan ya koma shi kaɗai da robobinsa. Auta ta fara nata zauna-tashin, ta bari, ta sake farawa. Mai Gashi tana nan tana zuwa duk Talata. Hannun Malam na dama bai dawo ba, amma yana ƙirgawa har ɗari, yana neman shayi da bakinsa, yana amsa sallama. Uwar Keke ta sauke kilo sha biyar ɗin, sai dai shekara ɗaya da rabi ta ɗauka, kuma ba wanda ya tuna ya duba sikeli sai da aka zo share ƙarƙashin tebur. Suna nan a ɗakinsu su biyu. Har yau, Litinin da Laraba da Juma'a, in ta kai shida sai ta ce takwas.